Tarihin Ingushawa: Maganar Wa Za Mu Kama?

Wasiƙu huɗu na ware a wannan fitowa, dukkansu a kan al'umma ɗaya. Ingushawa mutanen tsaunukan Kokasus ta Arewa ne, a kudancin Rasha. Yawansu ya ɗan haura rabin miliyan a ƙidayar 2021, kuma kusan dukkansu Musulmi ne. Su da bakinsu Galgai suke kiran kansu. Na zauna da wasunsu a shekarun da na yi ina karatu a Rasha, mun ci abinci a kwano ɗaya, don haka ba daga nesa nake jin maganarsu ba.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce mai karatun tarihi. Na karanta rubutu biyu a kan gundumar Prigorodni. Na farko ya ce ƙasar kakannin Ingushawa ce aka ƙwace aka ba maƙwabtansu Osetiyawa. Na biyu ya ce Ingushawa ne suka kai wa Osetiya hari a 1992 don su ci ƙasar da ba tasu ba. Kowanne ya kawo shekaru da alƙaluma. Wane ne maƙaryaci a cikinsu?

AMSA: 'Yata, ba mamaki babu wanda ya rubuta ƙarya ko ɗaya a cikin su biyun. Ki koma ki duba shekarar da kowanne ya buɗe labarinsa da ita. A nan son rai yake ɓuya.

Prigorodni yanki ne maƙale da birnin Vladikavkaz, kuma ɓangaren da ake rigima a kansa yana gabas da kogin Terek. Marubucin Ingush zai fara miki daga 1770, shekarar da dattawa 24 suka yi wa daular Rasha rantsuwar biyayya kusa da ƙauyen Angusht. Daga sunan ƙauyen nan Rashawa suka samo kalmar Ingush. Yau in kin nemi Angusht a taswira ba za ki gan shi ba. Sunansa Tarskoye, kuma yana cikin jamhuriyar Osetiya ta Arewa. Ki yi tunanin al'ummar da garin da ta samo sunanta daga gare shi yake wajen iyakarta.

Marubucin Osetiya kuwa zai fara daga wajen 1860, lokacin da sarautar Rasha ta kafa matsugunan Kosak, mayaƙanta na kan iyaka, a wannan yanki. Sai ya ce miki: wurin ya yi kusan shekara 60 a hannun Kosak, 'yan Bolshebik, 'yan gurguzun da suka kafa mulkin Sobiyet, ne suka fara tashin su daga 1918 suka ba Ingushawa, ladan goyon bayan da suka samu daga gare su a yaƙin basasa. Wannan ma haka ya faru. Inda zai wuce da sauri shi ne tambayar su wa Kosak ɗin suka tarar a wurin, kuma ƙauyukan wa aka tasa kafin a gina nasu.

Daga nan takardu sun yi yawa, babu wurin gardama sosai. A 1924 aka ba Ingushawa yankinsu na cin gashin kai, Prigorodni na ciki, kuma su da Osetiyawa suka yi tarayya a Vladikavkaz a matsayin mazaunin mulki. A 1933 aka miƙa birnin ga Osetiya ta Arewa ita kaɗai. A 1934 aka haɗe Ingushawa da Cecenawa a yanki ɗaya. Ranar 23 ga Fabrairu 1944 aka fara kwashe al'ummomin biyu kakaf zuwa Kazakistan da Kirgistan, aka rushe jamhuriyarsu, aka raba ƙasar ga maƙwabta, aka canza sunayen garuruwa. Ƙauyen Bazorkino da ke Prigorodni ya koma Cermen. Nazran kanta, babban garin Ingushawa, ta amsa sunan Kosta-Khetagurovo har zuwa 1957. Da aka maido jamhuriyar a watan Janairu 1957, sai aka bar Prigorodni a hannun Osetiya. An ƙara wa jamhuriyar gundumomin Naurski da Shelkovskoi daga arewa, kuma Osetiyawa na kafa hujja da wannan, suna cewa ai an biya diyya. Ingushawa na amsawa da cewa waɗannan gundumomi ba sa kusa da ƙauyukansu, kuma yau suna cikin Ceceniya. Ni a ganina amsar tasu ta fi nauyi. Wanda aka karɓe wa gida aka ba ɗan'uwansa gona a wani gari ba a biya shi ba.

Akwai daren da ba na mantawa da shi a ɗakin kwanan ɗalibai. Abokina ɗan Ingush ya ɗauki biro ya zana mini titin ƙauyensu a bayan takardar jarrabawa: ga gidan kakansa, ga itacen goro na can ƙasarsu da ke bakin ƙofa, ga hanyar maƙabarta. Ya ce kakan ya dawo daga Kazakistan ya tarar da wasu a ciki, sai da ya sayi gidansa da kuɗinsa. Wani ɗan ajinmu Ba'osetiye yana zaune a bakin gado yana sauraro. Da aka gama, ya karɓi biron bai zana komai ba, yana ta juya shi a hannu. Ya ce nasa kakan daga tsaunukan Jojiya hukuma ta ɗauko shi a 1944 ta sauke shi a wani gida da ya tarar babu kowa, ba a tambaye shi ko yana so ba, kuma a gidan aka haifi mahaifinsa. Ya ce: to mu ina za mu koma? Babu wanda ya ba shi amsa. Ban ji ƙarya a bakin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Sai 1992. A watan Afrilu 1991 majalisar Rasha ta yi dokar wanke al'ummomin da aka zalunta, har da alkawarin maido musu iyakokinsu na dā, amma ba ta faɗi yadda za a yi ba. Ranar 4 ga Yuni 1992 aka kafa jamhuriyar Ingushetiya ba tare da an shata mata iyaka ba. Bango ya riga ya tsage. Kowane ɓangare ya tara makamai. A watan Oktoba motar sulke ta take wata yarinya 'yar Ingush, aka yi kashe-kashe a kwanakin da suka biyo baya, kuma a daren 30 zuwa 31 ga wata faɗa ya ɓarke. Gaskiya ne mayaƙan Ingush sun shiga yankin da makamai, sun kama ofishin 'yan sanda na Cermen. Gaskiya ne kuma sojojin Rasha da aka turo raba faɗa sun karkata ga Osetiya, kuma cikin kusan mako guda aka ƙone gidajen Ingushawa aka kore su daga yankin. Ofishin mai gabatar da ƙara na Rasha ya ƙirga mutum 583 da aka kashe, 350 daga ciki Ingushawa, 192 Osetiyawa.

Yawan waɗanda aka kora kuwa, za ki ga wani ya ce dubu 34, wani ya ce dubu 64. Dalilin wannan tazara yana da sauƙin ganewa in kin san tsarin Sobiyet. Ba ka zama mazaunin gari a hukumance sai an buga maka hatimin izinin zama a fasfo, kuma tun 1982 aka tsananta bayar da wannan izini a Prigorodni. Dubban Ingushawa sun zauna a wurin ba tare da hatimi ba. Mai ƙirga da rajista zai samu ƙaramin adadi, mai ƙirga kawunan da suka tsallako iyaka zai samu babba. Don haka duk wanda ya ba ki adadi, ki tambaye shi da me ya ƙirga.

Hukuncina shi ne: rubutun da ya kira abin "harin Ingushawa" ya tsaya nan ya ɓoye korar dubban mutane. Wanda ya ba da labarin korar bai ambaci Osetiyawa 192 da aka binne ba shi ma ya tauye mudu. Amma kada ki ɗauka nauyin biyu ɗaya ne don kawai kina son ki tsaya a tsakiya. Wani ɓangare ya rasa ƙauyukansa gaba ɗaya, ɗayan bai rasa ba.

TAMBAYA: Malam, ni tsohon malamin makaranta ne. Wani ya ce mini Stalin ya kwashe Ingushawa ne saboda sun taimaki Hitler. Shin da gaskiya a ciki? Kuma me ya sa wasu ke cewa rabinsu suka mutu, wasu su ce kashi ɗaya cikin huɗu?

AMSA: Ranka ya daɗe, wannan zargi shi ne wanda gwamnatin Sobiyet ta rubuta a takardar korar, kuma ita da kanta ta janye shi. A watan Nuwamba 1989 majalisar ƙoli ta Tarayyar Sobiyet ta ayyana korar al'ummomi a matsayin haramtaccen aiki kuma laifi.

Ba zan ɓoye maka abin da masu zargin ke riƙe da shi ba. An yi tawaye a tsaunuka ƙarƙashin Hasan Israilov, ɗan Cecen. Jamusawa sun sauke 'yan leƙen asiri da laima a 1942. Akwai waɗanda suka guje wa shiga soja. Sai dai tawayen Israilov ya fara tun 1940, kafin Jamus ta auka wa Tarayyar Sobiyet a Yuni 1941, kuma tushensa ƙwace gonaki da kame-kamen shekarun baya. Sojojin Jamus sun kai garin Malgobek a Satumba 1942, aka tare su a nan, ba su taɓa shiga Grozni, babban birnin jamhuriyar, ba, kuma a farkon 1943 aka fatattake su. Shekara guda bayan tafiyarsu aka zo kwasar mutane. Rahoton Beria, shugaban 'yan sandan ciki wanda ya jagoranci aikin, ya nuna an loda Ingushawa 91,250 a taragan jirgin ƙasa, tare da Cecenawa kusan dubu 390. A cikinsu akwai jarirai, da tsofaffin da ba sa iya tashi, da 'yan jam'iyyar gwamnati. Har sojojin da ke bakin daga aka sallamo aka tura su bin iyalansu. A 1948 aka yi doka cewa korar ta har abada ce, wanda ya gudu shekara 20 a aikin wahala. Ko da an samu mutum dubu da suka ci amana, wace shari'a ce ta ce a kama jariri da laifin wani? Rubutun da ya jera "ra'ayin masu zargi" da "ra'ayin Ingushawa" kafaɗa da kafaɗa a kan wannan batu bai yi adalci ba, ya tsere wa faɗin gaskiya ne kawai.

Maganar adadin mamata ita ce mai wuya. Takardun 'yan sandan ciki sun nuna kusan mutum dubu 145 suka mutu tsakanin 1944 da 1948 daga cikin waɗanda aka kwaso daga Kokasus ta Arewa, wato Cecenawa da Ingushawa da Karacai da Balkar a haɗe. Wannan ya kusa kashi ɗaya cikin huɗu. Amma ka lura da wanda ya riƙe alƙalamin: wanda ya yi aikin ne yake ƙirga gawarwakin aikinsa. Wanda ya san yadda malaman hadisi ke auna mai ruwaya ya san irin wannan shaida ana karɓarta a kan abin da ta amsa, ba a kan abin da ta musanta ba. Ni ina ɗaukar adadin a matsayin mafi ƙaranci. Masu cewa rabi kuma suna magana ne daga abin da suka gani a gidajensu, kuma akwai gidajen da fiye da rabi suka tafi. Sai dai gida ɗaya ba al'umma ba ne. Marubuci mai amana zai ce tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu da kashi ɗaya cikin uku, ya faɗi daga ina kowane adadi ya fito.

A gefen Nazran akwai ginin tunawa da aka buɗe a 1997: hasumiyoyi tara irin na tsaunuka, an haɗa su wuri ɗaya an ɗaure da waya mai ƙaya. Ranar 23 ga Fabrairu mutane ke taruwa a wurin, ranar da sauran Rasha ke bikin sojoji.

TAMBAYA: Yallaɓai, na ga an rubuta cewa Ingushawa su ne jikokin Alanawa, shi ya sa babban birninsu ake kira Magas. A wani wurin kuma na ga Osetiyawa ne Alanawa. Wa ke da gadon?

AMSA: Ƙanena, a nan zan ɓata wa abokaina Ingushawa rai. Alanawa mutane ne da suka yi daula a Kokasus ta Arewa a zamanin dā. Al-Mas'udi, masanin tarihi na ƙarni na 10, ya ambaci babban birninsu da suna Magas, kuma Mongol suka ci birnin wajen 1239 zuwa 1240. Har yau masu tonon kayan tarihi ba su haɗu a kan inda yake ba. Wasu na nuna Nizhni Arkhiz a Karacai-Cerkesiya, wasu Alkhan-Kala a Ceceniya, wasu wurare dabam. Da Ingushawa suka rasa Vladikavkaz suka gina sabon babban birni kusa da Nazran a shekarun 1990, sai suka raɗa masa Magas, daga baya suka gina ƙofar shiga suka kira ta Ƙofar Alanawa. Osetiya ta Arewa kuwa tun 1994 ta ƙara "Alaniya" a sunanta. Karacai da Balkar su ma suna da'awar gadon.

Shaidar harshe tana tare da Osetiyawa. Ɗan abin da ya rage na harshen Alanawa, kamar rubutun dutsen Zelencuk da aka gano a 1888, da kalmomin gaisuwa da marubucin Rumawa Tzetzes ya rubuta a ƙarni na 12, mafi yawan masana harshe sun karanta su a matsayin tsohon harshen Osetiya, na dangin harsunan Iran. Harshen Ingush na dangin Nakh ne, dangi ɗaya da na Cecenawa, ba shi da alaƙar asali da wancan. An yi ƙoƙarin karanta dutsen Zelencuk da harshen Nakh, da na Turkawa, da na Cerkes, amma waɗannan karatu ba su samu karɓuwa a wajen masana ba. Abin da za a iya faɗi da hujja shi ne daular ta ƙunshi ƙabilu da yawa, kuma kakannin Ingushawa na iya zama cikin mutanenta. Zama cikin daula dabam, zama mai harshenta dabam.

Kowa ya san dalilin da ya sa ake zafi a kan wannan: wanda ya tabbatar shi ne Ba'alane yana ganin ya tabbatar shi ne ya riga zama a filin. Abin da ke ba ni takaici shi ne Ingushawa ba su buƙatar wannan aro. Je ka kwarin Assa da Jeirakh ka ga hasumiyoyin Erzi da Egikal da Targim da Vovnushki, na dutse, wasu sun haura mita 20, da yawa an san zuriyar da ta gina su. Ga tsohon wurin ibada na Tkhaba-Yerdi da ya fi shekara 800. Mai irin wannan gado ba ya rasa abin nunawa. Kuma haƙƙin wanda aka fitar daga gidansa a 1944 bai rataya a kan wanda ya yi mulki a ƙarni na 10 ba. Duk lokacin da aka jingina hujja mai ƙarfi a jikin mai rauni, abokin gaba sai ya ture mai raunin ya ce duk sun faɗi.

TAMBAYA: Malam, ka faɗi tsakaninka da Allah. Ba don Musulmi ne ba kake ɗaukar ɓangarensu duk lokacin da ka yi magana a kansu?

AMSA: Ɗan'uwa, tambayarka tana kan hanya, kuma na gode da ka yi ta a fili. Ina jin zafin abin da aka yi musu, kuma ba zan ce addini ba ya cikin abin da ke sa zuciyata ta karkata gare su ba. Shi ya sa nake tilasta wa kaina in faɗi abubuwan da ba sa son ji.

Ga wasu. Rigimar Prigorodni ta ƙasa ce, ba ta addini ba, kuma akwai Musulmi a cikin Osetiyawa duk da yawancinsu Kirista ne. Musuluncin Ingushawa kansa bai game ko'ina ba sai a ƙarni na 19, kuma Shehu Kunta-Haji, malamin ɗariƙar Ƙadiriyya wanda Rashawa suka kama a 1864 ya rasu a tsare a 1867, yana da babban hannu a ciki. Kafin nan akwai addinin gargajiya da tasirin Kiristancin Jojiya. Wanda ya goge wannan daga tarihinsu don ya ƙawata su ya yi irin aikin masu canza sunayen ƙauyuka. A cikin waɗanda suka yi garkuwa da 'yan makaranta a garin Beslan na Osetiya ta Arewa a Satumba 2004, inda mutum fiye da 330 suka mutu, akwai Ingushawa. Ba a ɗora wa al'umma laifin waɗannan mutane, kamar yadda na ƙi a ɗora mata laifin 1944, amma kuma ba a share sunan Beslan in ana bayanin dalilin da ya sa komawar 'yan gudun hijira ta ƙara wuya.

Kuma gardamar tarihin da ta fi zafi a 'yan shekarun nan tsakanin Musulmi da Musulmi ce. Ranar 26 ga Satumba 2018 shugaban Ingushetiya na lokacin Yunus-Bek Yevkurov da takwaransa na Ceceniya Ramzan Kadirov suka sa hannu a yarjejeniyar iyaka. Dubban mutane suka fito Magas suka kwana a titi, suna cewa an ba da ƙasarsu ba a tambaye su ba. Kotun tsarin mulki ta Ingushetiya ta ce sai an yi ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a, ta Rasha ta tabbatar da yarjejeniyar a watan Disamba, Yevkurov ya sauka a 2019, kuma daga baya aka ɗaure jagororin zanga-zangar. A ƙarƙashin wannan rigima akwai tambayar Orstkhoi, mutanen da suka zauna a wannan yanki: Cecenawa na cewa nasu ne, Ingushawa na cewa nasu ne. Tsofaffin rubuce-rubucen Rashawa sun kira su Karabulak, wani lokaci a lissafa su da waɗannan, wani lokaci da waɗancan, wani lokaci su kaɗai, kuma jikokinsu yau suna cikin al'ummomin biyu. A kan wannan ban ba kowa gaskiya shi kaɗai ba, domin shaidar ba ta ba kowa ba.

Da na faɗa wa abokina ɗan Ingush ra'ayina a kan Alanawa, ya yi mako biyu ba ya amsa gaisuwata da sakin fuska. Da na faɗa wa ɗan ajinmu Ba'osetiye cewa gidan da aka haifi mahaifinsa yana da mai shi kafin 1944, ya tashi ya bar ɗakin. Har yau ra'ayina a kan duka biyun bai canza ba. Wanda ke da taswira ko takardar hukuma da ta saɓa wa wani abu da na faɗa a nan, ya aiko da ita tare da shekararta da inda aka samo ta, zan buga ta a fitowa ta gaba in amsa.